'Yar Mai Goge a Ramin Dankali

Kai da kake cewa an tare maka ko'ina, tsaya ka ji wannan. A zamanin yaƙin duniya na biyu, a wani gari na ƙasar Turai, an yi wani Bayahude mai goge wanda ba a biki sai da shi. Da sojojin mamaya suka shigo suna farautar Yahudawa, sai suka fara hana shi kiɗa, daga baya suka tusa ƙeyarsa shi da babban ɗansa cikin jirgin ƙasa. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Matarsa ta kama hannun autarsu mai shekara shida, suka yanki daji har gonar wata tsohuwa, tsohuwar ta ɓoye su a ramin da take ajiye dankali. Yarinyar nan kuwa ta gaji ubanta, ko abinci take ci sai ta rera waƙa, ga sojoji na sintiri a bakin gonar. Duk sanda ta buɗe baki, sai uwar ta toshe shi da tafin hannu, tana hawaye, ta raɗa mata, "Yi shiru 'yata, ranarki na nan tafe." Shekara biyu cur suna haka.

Da yaƙi ya ƙare suka fito, yarinya ta ƙi magana. Likitan sansanin 'yan gudun hijirar da aka kai su ya duba ta, ya ce ta bebance. Uwar ta girgiza kai ta ce, "Ni na rufe bakin nan, na san abin da ke ciki." Kullum safiya sai ta ja ta zuwa bakin famfo inda mata ke wanki suna waƙa, ta zaunar da ita kusa. Wata biyar ko uffan. Rannan wata mata ta ɗauko waƙa, tana tsakiya baiti ya shige mata duhu, ta yi shiru. Sai ga wata siririyar murya ta ƙarasa mata. Uwar ta saki sabulu, ta durƙushe cikin ruwan kumfa tana kuka. Yarinya ta girma ta zama shahararriyar mawaƙiya. Miji da ɗa dai ba su dawo ba, da ciwonsu uwar ta tsufa. Amma ba ta bar duniya ba sai da ta ga dubban mutane sun miƙe tsaye suna tafa wa muryar da aka nemi a binne.

Ai shi ya sa Bahaushe ya ce, zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.