Shayin Bankok a Kicin ɗin Hansatu

Sau nawa ka taɓa sauke tukunya ka ce abu ya gagara, alhali wuta ce ba ta gama aikinta ba? Ni dai da na ji labarin nan sai da na kasa zama, shi ya sa na ce bari in kawo maka shi da zafinsa.

Wani tsohon ɗan kasuwa ne, Alhaji Tanimu, wanda a ƙuruciyarsa yakan je Bankok saro kaya. Ya tashi daga doguwar jinya, amma bakinsa ya ƙi abinci. A kawo tuwo ya kau da kai, a kawo kunu ya ce a ajiye. Kullum ramewa yake, har zobensa ya fara zamewa daga yatsa. Abu ɗaya yake ambato: wani shayi mai ƙanƙara, mai launin ruwan goro, da ƙwallaye baƙaƙe a ƙasan kofi waɗanda ake taunawa. 'Yarsa Hansatu ta ce in dai a duniya ake yin sa, to za a yi shi a gidan nan. Shayin bai ba ta wuya ba. Ta dafa ganyen har ya yi duhu, ta jefa kirfa da kanumfari, ta tace, ta zuba madarar gwangwani mai kauri. Ƙwallayen ne suka ce ba su san zancen ba. Da sitacin rogo ake yin su, ita kuwa hannunta ya saba da damun koko, sai ta fara kwaɓawa da ruwan sanyi. Ta dunƙula ya narke, ta dunƙula ya zurare ta tsakanin yatsu. Ta zubar, ta sake, ta zubar. Ana haka wata rana buta ta tafasa ta fantsama kan busasshen sitaci a faranti, wurin ya cure ya yi danƙo. Hansatu ta tsaya tana kallo. Ashe tafasasshen ruwa yake so tun farko! Ta narka mazarƙwaila a ciki, ta sheƙa a kan garin, ta murza yana ƙona mata tafi, ta mulmula ƙwallaye kamar 'ya'yan carbi.

Ta zuba su a tukunya, suna tasowa sama ta kwashe, kamar yadda ake yi wa ɗanwake. Alhaji ya kurɓa, ya tauna ɗaya, ya tofar a hannu. Ya ce, "Hansatu, tsakuwa kika dafa mini? Haƙoran da suka rage kike nema?" Ta fita da kofin, idonta ya ciko. Mahaifiyarta ta ce, "Ke, ki haƙura mana, ki dama masa fura." Ta ce, "Inna, yau fa ya yi tsokana. Rabonsa da ita tun kafin ya kwanta." Ta fasa ƙwallo ɗaya, ta ga cikinsa fari fat, ɗanye. Ta sake mulmula wasu. Suka taso, ta ƙyale su. Hannunta na ƙaiƙayin ɗaukar ludayi, ta zauna a kansa. Sai da farin nan ya ɓace ta kashe wuta, ta rufe tukunya ta bar su suka turara. Ta tsame su cikin ruwan mazarƙwaila, ta ɗora ƙanƙara, ta tsiyaya shayi, madara na sauka a ciki kamar hayaƙi. Alhaji ya tauna. Ya sake taunawa. Ya ci gaba da sha har ƙanƙara ta yi ƙara a gindin kofi. Sannan ya leƙa bayanta ya ce, "Wai tuwon nan na ɗazu, an ba wani ne?"

To, kai ma na san akwai wata tukunya da ka sauke da wuri. Don Allah tashi yau ka mayar da ita kan murhu, ka ƙara itace, domin Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.