Rufin da Ba Ya Buɗewa

Makullai uku ne a aljihun Zlatko, motoci uku a gabansa, waya kuma manne a kunnensa har ta yi zafi.

Duk ukun ƙirar kamfani ɗaya ne, dogaye, baƙaƙe, irin waɗanda manyan garin Kraljevo ke so a gan su a ciki. Daga nesa ba ka bambanta su, sai ka leƙa. Ta farko kujerun yadi ne, ba ƙyale-ƙyale. Ta biyu kujerun fata da 'yar taga a rufi. Ta uku kuwa an zuba mata komai, rufinta gilashi tun daga gaba har baya.

Maigidansa Radoje ne ya aiko shi, kuma bai rufe shi ba. Bara Zlatko ya kawo wata motar da matar gidan ta rantse ba za ta shiga ba, aka yi ta rigima har sai da aka rabu da ita. "In ka sake kawo min abin da zai hana ni barci a gidana," in ji Radoje, "ka nemi wani ubangidan." Mutumin da ya haura hamsin, ga gwiwa mai ciwo, ba wanda ke jiran ɗaukarsa. Zlatko ya san haka.

Matsalar ita ce Radoje suna kawai ya tara. Masu zaɓen motar mata ne biyu, matarsa Biljana da uwarsa Milunka, kuma duk suna kan wayar.

"Mai gilashin nake so," in ji Biljana. "Ba zan je coci a motar da ta yi kama da tasi ba."

Tsohuwar ta fizge wayar. "Kai Zlatko, kana ji na? Ka kawo min mota mai huda a ka, ka haɗa da mai haƙa kabari. Promaya ce ta kashe mijina."

"Inna, giya aka ce," in ji Zlatko.

"Giyar ya sha a bakin taga, ɗan banza."

A ƙasar nan ba a wasa da promaya, iskar da ke shiga ta wata kafa ta fita ta wata. Ita ke karkatar da baki, ita ke riƙe wuya, ita ke cin ƙoda. Likita ya faɗi abin da ya ga dama, tsofaffi dai sun san abin da suka binne.

Zlatko ya waiga ya dubi ƙofar ginin da ke bayansa. A rufe take, sai amon ƙaho da ganga ke fitowa ta bango. Ba wanda ya leƙo ya tambaye shi abin da yake so, shi ma bai nemi kowa ba. Ya share gumi da hannun riga.

Ta farko ya wuce ta, ko buɗewa bai yi ba. Tsohuwa za ta so ta, Biljana za ta ƙona gidan. Ya shiga ta biyu. Warin taba ya buge shi. Ya danna maɓallin da ke sama, 'yar tagar ta zame baya, iska ta sauko masa a ƙeya. Ya yi maza ya rufe. Shi kansa tsigar jikinsa ta tashi, ai shi ma uwa ce ta haife shi.

Kiɗan ya tsaya. Zlatko ya daskare, hannunsa a kan ƙofa. Can wani ya yi ihu, ƙahonin suka sake ɗauka. Ya sauke numfashi, ya ja gwiwarsa zuwa ta uku.

Kujerar ta yi baya da yawa, sai da ya jawo ta kafin ƙafarsa ta kai. Fata mai laushi, katako mai sheƙi, fili a baya har tsohuwa ta miƙe ƙafa. Ya ɗaga hannu ya danna. Labulen rufin ya naɗe, sama ta bayyana. Ya sake dannawa, ya ƙara, gilashin ko motsi. Ya bi gefensa da yatsa. Ashe a liƙe yake, na kallo ne kawai.

"Inna, na samu. Gilashi ne, amma ba ya buɗewa ko da guduma."

"Ka rantse."

"Da ran 'yata."

Yana faɗa sai ya ji sanyi na bin bayansa. Ya zabura. Kujerar ce da kanta ke hura iska ta ƙananan huji, daidai saitin ƙoda. Ya lalubo maɓallin ya kashe. Wannan kam gobe zai cire mata fis, kuma ba mai ji daga bakinsa.

"Me ya faru ka yi shiru?" in ji tsohuwar.

"Ba komai, Inna. Ki ce wa maigida ya buɗe gareji."

Ya fito, ya goge sauran makullan biyu da hankici, ya ɗora kowane a kan tayar motar da yake buɗewa, don shi ba ya son wahalar da mutane a banza. Sannan ya kwance farin tawul ɗin da aka ɗaure a madubin ta ukun don alamar biki, ya ninke shi ya ajiye a kan shinge, ya tayar da injin a hankali.

A cikin zauren bikin kuwa uban amarya, mai motocin uku, yana tsakiyar fili yana cashewa, gumi sharkaf, kwat ɗinsa na rataye a bayan kujera inda ya bar shi, bai san aljihun ya yi sauƙi ba.