Gaisuwar da Ta Gudu

Na tsuguna gaban mahaifiyar yarinyar da nake nema, sai gaisuwar ta gudu daga kaina. Wata uku ina koyon yarensu a waya, ina maimaitawa a bakin keken ɗinki, abokan aiki suna dariya. An ce ba za ta ba da 'yarta ga wanda ba za su iya hira ba.



Sai ta gyara tabarau, ta ce da Hausa, kalma-kalma, "Ɗana, tashi ka zauna. Ka ci abinci?"

Yarinyar ta leƙo daga ƙofa. "Ita ma a waya take koyon Hausa. Sau huɗu miya tana ƙonewa a gidan nan saboda kai."