Kifin Tsakiyar Tire

Da la'asar ne, a gidanmu na Vaulx-en-Velin, a ƙasar Turawa. Baba zai tafi Maulidi Kaulaha, can Senegal, da yayana Habu. Ni an ce na yi ƙanƙanta.

Inna ta zuba shinkafa da kifi a tire ɗaya don Habu ya koyi irin cin abincin can.

"Ba a miƙa hannu tsakiya," in ji Baba. "Ci na gabanka. Uwargida ce ke gutsuro kifi ta turo maka." Ya dube ni. "Zo ki zama uwargidan."

Ina cire ƙaya ina tura wa Habu tsoka, Baba yana ta ba shi shawara: in sun isa, ya je bakin kogi ya ga tsibin gishiri fari fat, kada ya sayi carbi a ƙofar masallaci, ya kutsa kasuwa wajen masu sassaƙa shi. Habu kuwa idonsa na kan talabijin.

"Baba, ni fa?"

"Za mu kawo miki tsaraba."

Har yau ban taka Kaulaha ba. Bara Habu zai kai ɗansa, ya kira ni: "Wai ina Baba ya ce a sayi carbi?"

Ina tune sarai. Na ce masa na manta.