Shuɗiyar Tawadar Don Evaristo

Ƙudan zuma na uku ke nan da mai gadi ya kora daga mayafin da ya rufe zanen, kuma ko buɗe taron ba a yi ba.

Nilda Condori tana tsaye a gefe cikin rigarta ta 'yan sama jannati. Wata shida ta yi a tashar sararin samaniya, inda komai ke shawagi, amma aiki ɗaya jama'a suka damu da shi: ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta saki tawadar Don Evaristo, babban mai zanen birnin La Paz, a ga abin da tawada za ta zana in ba ta da nauyi. Ƙyalle ɗaya aka ba ta, kwalba ɗaya. Yau minista zai duba. In ya yaba, Nilda ta sake tashi baɗi. In ya yamutsa fuska, ta koma ofis buga takardu.

Don Evaristo, mai gemu kamar tsintsiya, ya ɗiga wa ƙasa ɗan abin sha don Pachamama, Uwa Ƙasa, kamar yadda kowa ke yi kafin ya soma abu mai muhimmanci. Nilda ta kawar da kai.

Aka yaye mayafin. Ɗigo-ɗigo ne ja mai duhu, manya da ƙanana, sun fantsamu ko'ina.

"Shuɗiya na aika, ranka ya daɗe," in ji Don Evaristo. "Dubi yadda sama ta mayar da ita. Shekara arba'in ina neman launin nan." Wani masani ya kwashe minti ashirin yana bayanin hasken rana da tawada. Ba wanda ya gane, kowa ya gyaɗa kai. Minista ya share ido, ya ce Nilda ta fara shirin komawa sama.

Sai ga mahaifiyarta, Doña Basilia, ta kutso da hula a karkace. Shekara talatin tana sayar da kunun jar masara a kasuwar El Alto, kuma ita ta cusa wa 'yarta garin kunun cikin guzuri. Ta kai hanci dab da zanen, ta daɗe a haka. Nilda kuwa ta fi tsoron tsohuwar nan a kan minista goma.

"Kin ba Uwa Ƙasa nata kafin ki taɓa aikin mutane?" Doña Basilia ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Na zuba mata kunun, Mama. Can ɗin ne babu ƙasa, abin da ya samu shi ya kama."

"To. Baɗi ki rage kanumfari."

Nilda ta ƙara matse jakarta a hammata, inda kwalbar shuɗiyar tawada ke kwance cike, ko murfinta ba a taɓa murɗewa ba.