Marin Cikin Kogo

Mas'udu yana zaune a kujerar gadi, a ƙofar wani bene da ke unguwar Bin Mahmud a birnin Doha, wayarsa ta fara ƙara babu ƙaƙƙautawa. Alhaji Saifuddeen Maiƙarfe ya sake yin rubutu a kansa a shafin sada zumunta. Wannan karon maƙaryaci ya kira shi, kuma kafin la'asar dubban mutane sun yaɗa.

Makonni uku ke nan da fara rigimar. Wani mutum ne ya maƙale a cikin kogo a hamadar da ke yamma da Doha, hanyar shiga kuwa matsattsiya ce, mai jiki ba ya wucewa. Da aka nemi 'yan sa-kai, Mas'udu ya zo. Siriri ne, kuma shekara goma sha ɗaya ya yi yana haƙar rijiya a Gumel kafin ya zo Katar. Aka ɗaura masa igiya da hantsi. Sai dab da magariba ya fito goye da mutumin, ƙura ta rufe su duka biyu. Nan take aka lulluɓe mutumin da bargo, aka saka shi a wata mota mai baƙin gilashi. Iyalinsa sun roƙi a sakaya sunansa, aka sakaya.

Akwai wata na'ura a wurin, ta kamfanin Alhaji Saifuddeen, attajirin da sunansa ke manne a saman wani dogon gini a unguwar Mushairib. Mai rarrafe ce, an ƙera ta don shiga ramuka, kuma ta riga kowa isa kogon. Washegari kamfanin ya sanar cewa ita ce ta yi ceton.

Wata 'yar jarida ta tambayi Mas'udu ko haka ne. Ya ce a'a. Ya ce a mace ya tarar da ita, fitilarta da kyamararta duk sun ɗauke, ta toshe hanya, sai da ya tura ta gefe da ƙafa sannan ya wuce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Alhaji bai fito ya yi magana ba. Ofishinsa ya ce ciwon gwiwa ya kwantar da shi, an ɗaga taron ƙaddamar da na'urar. Amma yatsunsa lafiyarsu lau. Kullum da sabon rubutu: Mas'udu ɗan neman suna ne, Mas'udu bai san komai ba sai buɗe ƙofa, a binciki takardunsa. Sannan ya saki wanda ya fi kowanne zafi. Ya ce wannan da ake kira gwarzo, marin mutumin ya yi a cikin kogon, har sau biyu, ya kuma ja shi a kan duwatsu kamar buhun gero.

Aka tambayi Mas'udu. Bai musa ba.

Daga nan mutane suka juya masa baya. A masallacin Juma'a, waɗanda suka rungume shi makon jiya suka riƙa kau da kai. Mazauna benen suka daina amsa gaisuwarsa. Shugaban masu gadi ya kira shi gefe, ya ce kafil, wato ubangidan da ya tsaya masa kan biza, ba ya son hayaniya, in abin bai lafa ba kafin ƙarshen wata, khalas, aikinsa ya ƙare.

Matarsa Atine ta kira daga gida, muryarta a shaƙe.

"Baban Shetu, har a makaranta ana nuna 'yarka da baki. Ina mutumin da ka ciro? Ba shi da baki ne? Ka nemo shi ya faɗi gaskiya mana."

"Ya san abin da ake ciki," in ji Mas'udu.

"Kuma ya yi shiru?"

"Bai yi shiru ba." Ya kawo wata maganar.

Ranar Laraba aka aiko masa mota. Aka hau da shi hawa na talatin a Mushairib, aka zaunar da shi a gaban wani tebur mai faɗi. Lauya ya ajiye takarda da biro. Abin da ke ciki gajere ne: Mas'udu ya amince ƙarya ya yi, na'ura ce ta yi aikin, yana neman afuwa, kuma zai koma gida cikin mako guda. In ya sa hannu, rubutu zai tsaya. In ya ƙi, kotu.

Alhaji yana can ƙarshen teburin, sanda jingine da kujerarsa, baƙin tabarau a idonsa ko da yake an saki labule. Tunda Mas'udu ya shigo bai dubi inda yake ba.

"Sa hannu ka tafi," in ji Alhaji. "Yau ko me ka faɗa a garin nan, babu mai yarda da kai. Na tabbatar da haka."

Mas'udu ya karanta takardar har ƙarshe, a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya mayar da murfin biron, ya tura ta gaban lauyan. Ya roƙe shi ya ba su wuri. Lauyan ya dubi maigidansa, maigidan ya ɗaga hannu da ƙyar, lauyan ya fita.

Mas'udu ya miƙe, ya gyara hular gadinsa.

"Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, ba kuma zan bar aikina ba. Ka zage ni, na ji. Ka taɓa abincin 'ya'yana, na haƙura. Amma daga yau in na ƙara ganin sunana a bakinka, na janye rantsuwar da ka sa na yi a ƙarƙashin ƙasa. Zan faɗa wa duniya cewa kai ne na tarar a bayan na'urarka kana kuka kana kiran sunan mahaifiyarka, kai na mara don ka dawo hayyacinka, kuma kai na goyo na fito da shi."