Rukuni na Uku

Tun da halittun nan suka fara fitowa daga rijiyoyi, doka ta ce duk wanda ya ga wata a gidansa ya je ofishin dabbobi a yi mata rajista. Ranar Talata Iya Kulu ta je.

"Tana da inuwa?" in ji ma'aikacin, Malam Ɗanjuma.

"Babu."

"Me take ci?"

"Gishiri take lasa."

"Tana magana?"

"Da muryar maigidana, Allah ya jiƙansa. Sunana take kira."

"Rukuni na uku ke nan. Ba sa cizo, Iya. Kada dai ki amsa."

"Ai na amsa. Shekara talatin ban taɓa ƙin amsa masa ba."

Malam Ɗanjuma ya leƙa ƙasa, bai ga inuwarta ba. Ya jawo sabuwar takarda.

"Iya, me kike ci kwanan nan?"